Takardar da Ke Hannun Sanata McCarthy

Ranar 9 ga Fabrairun 1950, ƙungiyar matan jam'iyyar Republican ta garin Wheeling, a jihar West Virginia ta Amurka, ta shirya liyafar cin abinci, ta gayyato wani sanata daga jihar Wisconsin ya zo ya yi jawabi. Sunansa Joseph McCarthy, shekarunsa 41. Ya yi shekara uku a Majalisar Dattawa bai yi wani abin a zo a gani ba, ga kuma zaɓensa na tafe a 1952. Ana cikin jawabi sai ya ɗaga wata takarda sama, ya ce a hannunsa akwai sunayen mutum 205 waɗanda Sakataren Harkokin Waje ya san 'yan jam'iyyar kwaminis ne, amma ya bar su suna aiki a ma'aikatar suna tsara manufofin ƙasa. Haka jaridar garin ta buga washegari. 

Kwana ɗaya bayan haka, a birnin Salt Lake, adadin ya koma 57. Da ya tsaya gaban Majalisar Dattawa ranar 20 ga wannan watan, ya zama 81. A ƙa'ida, mutumin da ya ba da adadi uku daban-daban cikin kwana goma sha biyu ya gama tona wa kansa asiri. McCarthy kuwa daga nan tauraronsa ya fara haskawa, ya yi kusan shekara biyar ana jin tsoronsa a Washinton fiye da yadda ake jin tsoron shugaban ƙasa.

Sai an dubi halin da Amurkawa suke ciki a lokacin kafin a gane dalili. A watan Agustan 1949 Tarayyar Sobiyet ta gwada bam ɗinta na nukiliya, shekaru kafin lokacin da ake zato. A Oktoba Mao ya kafa gwamnatin kwaminis a Sin. A Janairun 1950 kotu ta sami Alger Hiss, tsohon babban jami'in Ma'aikatar Harkokin Waje, da laifin rantsuwa a kan ƙarya game da miƙa takardun gwamnati ga wani wakilin Sobiyet. A farkon Fabrairu aka kama masanin kimiyya Klaus Fuchs a Ingila, bayan ya amsa cewa ya ba Sobiyet sirrin bam. Ƙasar da ta ci yaƙin duniya shekara biyar da suka wuce ta wayi gari tana ganin abubuwa suna kuɓuce mata, mutane suna neman wanda zai faɗa musu ko laifin wane ne. Biri ya riga ya yi kama da mutum kafin McCarthy ya buɗe baki.

Adadin 205 ɗin ma yana da asali, kuma asalin nasa ya fi a ce ƙagensa aka yi ban sha'awa. A 1946 Sakataren Harkokin Waje na lokacin, James Byrnes, ya rubuta wa wani ɗan majalisa wasiƙa cewa an tantance ma'aikatan da aka dawo da su ma'aikatarsa daga hukumomin lokacin yaƙi, an ba da shawarar kada a ba 284 daga cikinsu aikin dindindin saboda dalilai iri-iri, an kuma riga an sallami 79. A cire 79 daga 284, saura 205. Wasiƙar ba ta ɗauke da suna ko ɗaya, ba ta ce mutanen 'yan kwaminis ne ba, ta kuma kusa shekara huɗu da rubutawa. Lissafin daidai ne, abin da aka ɗora a kansa ne ƙarya. Da ya ce "akwai maciya amana da yawa a gwamnati", da kowa ya gane zargi ne irin na 'yan siyasa. Amma 205 adadi ne mai wutsiya, yana sa mai sauraro ya ɗauka an zauna an ƙirga. Duk wanda aka taɓa tura wa saƙon WhatsApp mai ɗauke da takamaiman adadi ba tare da an ce daga ina ya fito ba ya san yadda zuciya take saurin miƙa wuya.

Jawabin ranar 20 ga Fabrairu shi ne wurin da ya fi dacewa a tsaya a kalli yadda yake gina hujja. Ya kwashe sa'o'i yana karanto mutum 81, ba suna, sai lamba. Bayanan ya ɗebo su ne daga wani tsohon rahoto da masu binciken Majalisar Wakilai suka haɗa shekara biyu zuwa uku kafin nan, yana karantawa yana ƙara gishiri. Inda rahoton ya ce wane yana da karkata ga kwaminisanci, sai ya ce wane ɗan kwaminis ne. Inda aka ce wani ya ce ya ji, sai ya mai da shi tabbataccen labari. Da ya zo kan mutum na 40, sai ya ce ba shi da wani bayani mai yawa a kansa, illa dai babu wani abu a cikin fayil ɗinsa da ke nuna cewa ba shi da alaƙa da 'yan kwaminis.

A sake karanta wannan a hankali. Ba a sami abin da ya kama mutumin ba, ba a kuma sami abin da ya wanke shi ba, saboda haka shi mai laifi ne. Da irin wannan ma'auni babu wanda zai tsira, domin ni da kai babu wata takarda a duniya da ta tabbatar cewa ba mu taɓa satar akuya ba. Kowane alƙali, ko na kotun shari'a ne ko na majistare, ya san cewa mai ƙara shi ke kawo shaida. McCarthy tsohon alƙali ne a Wisconsin, ya san wannan sarai. Ya juya ƙa'idar ne ya ɗora wa wanda ake zargi nauyin tabbatar da abin da ba ya tabbatuwa, har yau kuma masu koyar da ilimin mantiƙi suna kawo mutum na 40 a matsayin misalin kafa hujja da rashin sani.

Gane gurguwar hujja tsohon ilimi ne, kuma ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Aristotal na Girka ya tsara nau'i 13 na hujjojin da suke kama da sahihai alhali ba su ba ne, aka fassara aikinsa zuwa Larabci a Bagadaza, malamai irin su Alfarabi suka yi masa sharhi. Shehu Magili, wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi rubutu a kan mantiƙi, har sun yi musayar baitoci da Suyuɗi na Masar, wanda yake ganin bai halatta a karanta fannin ba. Ɗalibin da ya karanta Sullam na Ahalari a zaure ya san an kasa hujjar hankali gida biyar, mafi ƙarfinsu burhani, mafi rauninsu safsaɗa, wato magana mai kama da gaskiya da aka shirya don a rikita abokin jayayya. Tsakaninsu akwai haɗaba, hujjar mai jawabi da ke neman jan zukatan jama'a. A nan siyasa take zaune, kuma ba laifi ba ne ɗan siyasa ya nemi jan zuciya. Matsalar ita ce lokacin da aka sa wa safsaɗa rigar burhani, aka ɗaga takarda sama aka ce ga shaida.

Majalisar Dattawa ta kafa kwamiti ƙarƙashin Sanata Millard Tydings na jihar Maryland ya binciki zargin. McCarthy ya ce zai bayyana babban ɗan leƙen asirin Sobiyet a Amurka, kuma a kan wannan mutum ɗaya maganarsa za ta tsaya ko ta faɗi. Mutumin shi ne Owen Lattimore, malamin jami'ar Johns Hopkins, masanin yankin Asiya, wanda ba ma ma'aikacin Ma'aikatar Harkokin Waje ba ne. Da aka nemi shaidar leƙen asiri babu, sai McCarthy ya ce ai ba lallai ne batun leƙen asirin ya fi muhimmanci ba, Lattimore shi ne ya tsara manufofin Amurka a Gabas Mai Nisa. Zargi ya faɗi, mai zargi bai faɗi ba, ya koma kan wani sabo. A watan Yuli kwamitin ya fitar da rahoto ya kira zarge-zargen yaudara da damfara. Amma 'yan Democrat ne suke da rinjaye a kwamitin, kuma yaƙin Koriya ya ɓarke ranar 25 ga Yuni, don haka abu ne mai sauƙi a ce rufa-rufa ce. Ƙuri'un da aka kaɗa kan rahoton a majalisa sun rabu daidai kan layin jam'iyya.

A watan Nuwamba Tydings, wanda yake majalisa tun 1927, ya tsaya zaɓe. Mutanen McCarthy suka taimaka wa abokin hamayyarsa, aka buga wata jaridar kamfe mai ɗauke da hoton Tydings kamar yana sauraron Earl Browder, tsohon shugaban jam'iyyar kwaminis ta Amurka. Hotuna biyu ne daban aka yanka aka manna. A rubutun da ke ƙarƙashin hoton an ambaci cewa haɗawa aka yi, don a sami mafita idan an tashi tuhuma, amma mutum nawa ne suke karanta ƙananan haruffa? Tydings ya sha kaye. Sauran sanatoci suka ɗauki darasi.

Mu ma muna cewa abokin ɓarawo ɓarawo ne, muna kuma cewa ruwa ba ya tsami banza. A matsayin gargaɗin uba ga ɗansa kan zaɓen abokai, karin maganar farko ba ta da aibu. A matsayin hujjar yanke wa mutum hukunci kuwa, ita ce makamin da McCarthy ya fi amfani da shi. A shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, Hitler kuma yana tasowa a Jamus, dubban matasa sun shiga ƙungiyoyin taimakon ma'aikata da na adawa da mulkin fasist, waɗanda 'yan kwaminis ma suke ciki. Bayan shekara goma sha biyar, sa hannu a wata takardar koke ko halartar wani taro ya isa a kira mutum gaban kwamiti. Sarƙar kuma ba ta da ƙarshe. Wane ya san wane, wane kuma ya taɓa zama da ɗan kwaminis. Wanda ya fito ya kare wanda ake zargi, shi ma ya shiga sahu.

Cikin 'yan jam'iyyarsa, mace ɗaya tilo da ke Majalisar Dattawa a lokacin ce ta fara yi masa magana. Ranar 1 ga Yunin 1950 Margaret Chase Smith ta jihar Maine ta tashi ta yi jawabi ba tare da ta kama sunansa ba, ta kare 'yancin mutum ya yi suka, ya riƙi ra'ayin da jama'a ba sa so, ba tare da an kira shi maci amanar ƙasa ba. Sanatocin Republican shida suka sa hannu tare da ita. McCarthy bai amsa ko ɗaya daga abin da ta faɗa ba, laƙabin ba'a ya manna musu, ya kwatanta su da wata 'yar tatsuniya da wadanninta.

Mafi girman wanda ya kai wa hari shi ne Janar George Marshall, shugaban hafsoshin sojan ƙasa a yaƙin duniya na biyu, wanda shirin farfaɗo da Turai yake ɗauke da sunansa, kuma Sakataren Tsaro a lokacin. Ranar 14 ga Yunin 1951 McCarthy ya gabatar wa majalisa doguwar takarda yana cewa duk koma-bayan da Amurka ta samu tun daga yaƙin sakamakon wata gagarumar maƙarƙashiya ce. Hujjarsa ta tsakiya tana da ɗan armashi a kunne. Ya ce da a ce Marshall wawa ne kawai, to da ko bisa dace wasu daga cikin shawarwarinsa sun amfani ƙasa, tunda kuwa duka sun amfani Sobiyet, to da gangan ne. Gurguntaka biyu ce a nan, ɗaya a kan ɗaya. Ta farko, an rufe ƙofofi an bar biyu, wauta ko cin amana, alhali akwai ta uku mai faɗi, wato mutum mai hankali da gaskiya ya yanke shawara a mawuyacin hali, abu ya zo ba yadda ya so ba. Ta biyu, shi McCarthy ne ya zaɓi shawarwarin da za a ƙirga. Ya tsince waɗanda suka ƙare ba daɗi, ya bar jagorancin rundunar da ta ci yaƙi, ya bar shirin da ya hana Yammacin Turai faɗawa hannun kwaminis, sannan ya yi mamakin cewa duk abin da ke cikin kwandonsa ruɓaɓɓe ne. Duk da haka, a kamfen ɗin 1952, Eisenhower, wanda Marshall ne ya ɗaga shi a aikin soja, ya cire sakin layin yabon Marshall daga jawabin da ya yi a Milwaukee don kada ya ɓata wa McCarthy a jiharsa.

Tambayar da ta mamaye siyasar lokacin ita ce, wa ya salwantar da Sin? Tambaya ce da ta haɗiye amsarta. Kafin ka buɗe baki ka riga ka yarda cewa Sin kayan Amurka ce da ta faɗi daga aljihu, kuma wani ne a Washinton ya yar da ita. Yaƙin basasar ƙasa mai mutum fiye da miliyan 500, da cin hancin gwamnatin Chiang Kai-shek, da hauhawar farashin da ta cinye kuɗin ƙasar, da fushin manoma, duk sun fita daga lissafi. Jami'an diflomasiyyar Amurka da suka san Sin, irin su John Service wanda a can aka haife shi yake kuma jin harshen, sun rubuto tun 1944 cewa gwamnatin Chiang tana ruɓewa, 'yan kwaminis kuma za su iya cin nasara. Da abin ya tabbata, sai aka ce su suka jawo shi. Kamar a kama wanda ya ce hadari ya haɗo a ce shi ya kawo ambaliya. Service yana da tabonsa, don an taɓa kama shi a 1945 kan ba wani ɗan jarida takardun ofis, amma masu taimaka wa alƙali suka ƙi amincewa a gurfanar da shi, hukumar tantance ma'aikata kuma ta wanke shi sau da dama. A Disambar 1951 aka kore shi daga aiki.

Jaridu sun taimaka, ba don suna sonsa ba. Ƙa'idar aikinsu a lokacin ita ce idan sanata ya faɗi magana labari ne, a buga yadda ya faɗa. McCarthy ya gane wannan, yakan saki zargi dab da lokacin rufe shafi yadda ba za a sami damar bincike ba. Zargin ya hau shafin farko, musantawar ta zo bayan kwana biyu a shafin ciki, lokacin ya riga ya saki wani. Tsarin mulki kuma ya ba ɗan majalisa kariya daga ƙarar ɓata suna kan abin da ya faɗa a zauren majalisa. Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Wannan dai ta yi 'ya'ya, mutane sun rasa aiki, wasu sun rasa abokai da mutunci.

Daga 1953, da Republican suka karɓi majalisa, ya zama shugaban kwamitin bincike na dindindin, yana da ikon kiran kowa. Wanda ya yi amfani da 'yancinsa na tsarin mulki ya ƙi amsa tambayar da za ta iya jefa shi cikin tuhuma, McCarthy ya ce shirunsa amsa laifi ne. Wanda ya amsa kuma, sai a nemi ya ambaci sunayen wasu. Daga nan ya juya kan rundunar soja saboda wani likitan haƙori da aka ƙara wa girma bisa wata doka da ta shafi duk likitocin da aka ɗauka aikin soja, ya ci mutuncin Janar Ralph Zwicker, gwarzon yaƙin duniya, ya ce bai cancanci kakin da ke jikinsa ba.

Ranar 9 ga Maris 1954 ɗan jarida Edward Murrow ya ware shirinsa na talabijin a tashar CBS a kan McCarthy. Yawancin shirin hotunan McCarthy ne da muryarsa, an jera maganarsa ta yau kusa da ta jiya. Da aka ba shi fili ya mai da martani a watan Afrilu, ya bar abin da aka nuna ya koma tonon tarihin Murrow yana danganta shi da 'yan kwaminis. Ranar 22 ga Afrilu aka fara zaman sauraron rikicinsa da rundunar soja, kwana 36 ana nunawa kai tsaye a talabijin. A nan aka gano cewa wani hoto da ɓangarensa ya gabatar a matsayin shaida an yanke wani mutum daga cikinsa don ya nuna kamar mutum biyu ne kaɗai suke tsaye. Ranar 9 ga Yuni lauyan sojoji, Joseph Welch, ya matsa wa lauyan McCarthy lamba ya miƙa wa hukuma sunayen mutum 130 da suke cewa suna ɓarna a masana'antun makamai kafin rana ta faɗi. McCarthy ya katse shi, ya ce in yana neman ɗan kwaminis ya duba ofishinsa na Boston, akwai wani matashin lauya da ya taɓa zama ɗan wata ƙungiyar lauyoyi mai alaƙa da su. Matashin ba ya cikin shari'ar, ba shi da alaƙa da tambayar da aka yi. Welch ya dube shi ya tambaye shi ko babu sauran kunya a tare da shi. Zauren ya ɓarke da tafi.

Abin da ya kamata a lura da shi, ko da ba zai yi wa masu son mantiƙi daɗi ba, shi ne maganar Welch ba burhani ba ce. Bai warware hujja ko ɗaya ba, zuciya ya taɓa, kuma gogaggen lauya ne da ya san yadda ake taɓa ta. Tydings ya riga ya warware hujjojin tun 1950, da takardu da shaidu, aka kayar da shi zaɓe. Abin da ya canja zuwa 1954 shi ne an tsagaita wuta a Koriya, Stalin ya mutu, jam'iyyar McCarthy ce take mulki don haka hare-harensa a kan gwamnati sun koma kanta, miliyoyin mutane kuma sun zauna a falonsu sun ga halinsa da idonsu. Ƙuri'ar jin ra'ayi ta Gallup ta nuna rabin Amurkawa suna goyon bayansa a Janairu, zuwa Yuni sun koma kusan kashi ɗaya cikin uku. Ranar 2 ga Disamba Majalisar Dattawa ta yi Allah wadai da shi da ƙuri'a 67 da 22. Laifin da aka kama shi da shi raina kwamitocin majalisa ne da zagin abokan aikinsa. Mutanen da ya ɓata wa suna ba sa cikin ƙudurin.

Akwai wani tarko kuma a ɗaya gefen. A 1995 gwamnatin Amurka ta saki saƙonnin sirri na Sobiyet da ta daɗe tana warwarewa a wani shiri mai suna Venona, suka nuna cewa ɗaruruwan Amurkawa sun yi hulɗar ɓoye da hukumomin leƙen asirin Sobiyet, wasu a manyan ofisoshin gwamnati. Nan da nan wasu suka ce ashe McCarthy ya yi gaskiya. Wasu kuma tun da can sun ɗauka tunda hujjarsa gurguwa ce, to babu ɗan leƙen asiri ko ɗaya, duk wanda aka zarga an zalunce shi. Duka biyun sun kauce. Rushewar hujja ba ta nuna cewa abin da aka so kafawa da ita ƙarya ne, kasancewar akwai ɓarayi a gari kuma ba ta wanke wanda ya bi layi yana nuna gidaje da yatsa. Yawancin leƙen asirin an yi shi ne a lokacin yaƙi, cibiyoyin kuma sun tarwatse tun daga 1945 da wata wakiliyarsu, Elizabeth Bentley, ta kai kanta ga hukumar FBI. Cikin mutanen da McCarthy ya ambata, 'yan ƙalilan ne aka samu da hannu a ciki, binciken kwamitinsa kuma bai kai ga ɗaure ko mutum ɗaya kan leƙen asiri ba.

Bayan hukuncin majalisa ya ci gaba da zama sanata, amma in ya tashi magana abokan aikinsa sukan fice, 'yan jarida sukan ajiye alƙalami. Ya mutu ranar 2 ga Mayun 1957 da ciwon hanta, yana da shekara 48. Tuhumar rantsuwa a kan ƙarya da aka yi wa Lattimore ta rushe a 1955, daga baya ya koma koyarwa a jami'ar Leeds ta Ingila. Shi kuwa John Service, makonni shida bayan mutuwar McCarthy Kotun Ƙoli ta yanke cewa korarsa ta saɓa ƙa'ida, aka mai da shi bakin aiki. A lokacin Amurka tana ƙara nutsewa cikin rikicin Biyetnam, a kan iyakar Sin ta kudu, kuma an riga an share ma'aikatar daga yawancin waɗanda suka san yankin. Ba a sake ba shi wani aiki da ya shafi Asiya ba. An tura shi ƙaramin ofishin jakadanci a Liverpool, daga can ya yi ritaya a 1962.